Me ake nema a gwabzawar taku uku, tun da an riga an san inda naushi zai sauka?

Mai Rawayar Ɗamara ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da malamanmu. Wata bakwai ke nan da na fara koyon Taekwondo, wasan faɗa na Koriya, a tsarin ƙungiyar ITF (International Taekwon-Do Federation), kuma a 'yan makonnin nan malaminmu ya ɗora mu a kan abin da ake kira sambo matsogi, inda mutum ɗaya zai yi taku uku yana kai naushi, abokinsa kuma yana ja da baya yana tarewa, daga ƙarshe ya rama sau ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne amfanin atisayen da kowa ya san abin da zai faru a cikinsa kafin a fara. Sannan ina da matsala a aikace: a taku na biyu ƙafata tana karo da ta abokina, a na uku kuwa sai in tarar naushina ya tsaya nesa da ƙirjinsa da kusan taƙi guda. Ina neman haske daga waɗanda suka riga mu.

Tsohon Mai Horarwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalarka ta biyu ita ce amsar tambayarka ta farko, domin abin da aka gina wannan atisaye a kansa shi ne tazara, kuma ita ce take kufce muku.

A tsarin da Janar Choi Hong Hi ya shimfiɗa, wanda ya kafa ITF a Seoul a 1966, gwabzawar da aka tsara tun kafin a fara sunanta yaksok matsogi, kalmar yaksok kuwa a harshen Koriya alkawari take nufi. Kashi uku ce: sambo mai taku uku, ibo mai taku biyu, da ilbo mai taku ɗaya. Sai ɗalibi ya ratsa su ake sakinsa zuwa ban jayu matsogi, wadda rabinta a tsare take, sannan jayu matsogi, inda kowa yake kai harin da ya ga dama.

Ga yadda ake bin mai taku uku. Bayan an ƙame an rusuna wa juna, mai kai hari ne yake da alhakin auna tazara: zai miƙa ƙafarsa ta dama ya ajiye ta ta wajen ƙafar hagun abokinsa a cikakkiyar tsayuwar tafiya, wato gunnun sogi, wadda faɗinta faɗin kafaɗa ɗaya ne, tsawonta kuma ɗaya da rabi, nauyin jiki a rabe daidai tsakanin ƙafafu biyu. Daga nan ya dawo, ya ja ƙafar dama baya, ya yi tarewar ƙasa da hannun hagu, ya yi kihap, ƙarajin nan da ke nuna ya shirya. Mai karewa yana tsaye ƙafafu a jere, kuma ba a motsawa sai shi ma ya yi nasa ƙarajin. Wannan doka ba ta ado ba ce, ita ce take hana a fasa wa wanda hankalinsa ya tafi wani wuri baki. A salo na farko da akan koyar, naushi uku ne zuwa ƙahon zuci, mai karewa ya fara ja da ƙafar dama, ya tare da sangalin hannu sau uku, sannan ya rama da naushin hannun da ke baya, ya tsayar da shi dab da jiki ba tare da ya taɓa ba.

Karon ƙafa yana zuwa ne idan mutum biyu suna neman taka layi ɗaya. Yadda aka fi koyarwa shi ne ƙafar mai kai hari ta sauka ta waje a takun farko, ta ciki a na biyu, ta waje a na uku. Naushin da ya gaza kaiwa kuwa, galibi ko dai kai kana gajarta takunka don tsoron kada ka ji wa abokinka ciwo, ko shi yana ja da baya fiye da ƙima. Idan ɗayanku ya fi tsayi, mai tsayin ne zai rage, har ma akan sa shi ya koma niunja sogi, tsayuwar da ake ɗora kashi 70 cikin 100 na nauyi a ƙafar baya, domin ta fi gajarta.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani, amma ina da ɗan ja a kan yawan nauyin da wasu makarantu suke ɗora wa wannan atisaye. Mu a tsarin Kukkiwon muka taso, cibiyar Taekwondo da aka buɗe a Seoul a 1972, kuma mu ma muna da shi: hanbeon gyeorugi ga mai taku ɗaya, sebeon gyeorugi ga mai uku. Asalinsa ma ba ɓoyayye ba ne. Koriya ta zauna ƙarƙashin mulkin Japan daga 1910 zuwa 1945, da yawa daga waɗanda suka kafa makarantun farko sun koyi karate a lokacin, kuma duk wanda ya ga sanbon kumite da ippon kumite, wato gwabzawar taku uku da ta taku ɗaya a salon karate na Shotokan, zai gane daga inda tsarin ya fito.

Abin da nake jin tsoro shi ne ɗabi'ar da yake bari a jiki. Mai kai hari yana miƙa hannu ya bar shi a sandare kamar reshen bishiya yana jiran a rama, alhali babu abokin karawar da zai yi maka haka a fili. Ja da baya a miƙe sau uku kuwa, a gasa hanyar fita daga filin karawa ce. Lambar azurfar da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo wa Nijar daga Rio a 2016, da tagullar da Chika Chukwumerije ya kawo wa Najeriya daga Beijing a 2008, a gwabzawar da babu alkawari a cikinta aka ci su. Ina ganin a yi shi a matsayin tsani, kada a mayar da shi ɗaki.

Mai Jar Ɗamara ta amsa:

Ina tare da Yaya Ɗan Damagaram a rabin maganarsa, sai dai laifin da ya ambata na masu yi ne kafin ya zama na tsarin. Na shafe kusan shekara guda ina alfahari da tarewata, har ranar da wata baƙuwar malama ta tsaya a gabana ta ce kada in tare komai, in ja da baya kawai. Abokiyar atisayena ta kai naushi uku, babu wanda ya zo kusa da rigata. Ashe duk tsawon lokacin iska nake tarewa. Da malamar ta karɓi matsayin mai kai hari, naushinta na farko ya tura sangalin hannuna har ya bugi ƙirjina, domin na makara kuma ban juya ƙugu ba.

Mai taku biyu ma ya riga ya fara rage sanin da kake kuka da shi, ɗan'uwa Mai Rawayar Ɗamara, tun da a nan ana farawa daga niunja sogi hannu a tsare, a haɗa harin hannu da na ƙafa. A mai taku ɗaya kuwa duka biyun a tsaye suke ƙafafu a jere, hari guda ne, kuma ba dole ne ka ja da baya ba: kana iya kaucewa gefe, ko ka shiga ciki, ka rama nan take. 'Yan Tang Soo Do, wani wasan faɗa na Koriya, suna kiran nasu il soo sik, kuma sukan haddace jerin salo masu lamba, har da kamawa da kayarwa.

Mai Rawayar Ɗamara ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, da ku duka. Jiya da yamma mun gwada abin da Yaya Mai Jar Ɗamara ta faɗa, abokina ya saki hannuwansa ya ja da baya kawai, kuma naushina uku duka a iska suka ƙare. Da muka zana layi da alli a ƙasa, sai muka ga takuna na biyu ne yake gajarta da kusan tsawon tafin ƙafa. Abin da ya rage mini shi ne ramuwar ƙarshe: idan na auna daidai, dunƙulen hannuna yana taɓa rigarsa, shin a nan ake tsayawa, ko sai an bar ɗan sarari?