Ku da 'yan'uwanku suka tafi neman kuɗi, wa ke riƙe muku gandu?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Mu biyar ne maza a gidanmu, huɗu na birni suna ƙwadago, ni kaɗai na rage da Baba. Da can cin rani ne, a gama girbi su tafi, ruwan farko su dawo. Yau shekara 3 ba wanda ya zo shuka. Bana rabin gandun muka iya nomawa, ragowar ya zama saura. Ga shi kuma ana neman aron gonarmu ta fadama. Ku yaya kuke yi?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Ni ina cikin masu tafiyar, kuma ina turo kuɗin 'yan ƙwadago. To amma noman farko ba ya jira. Mako 2 zuwa 3 bayan shuka ake yinsa, lokacin kowa na neman hannu, su ma ma'aikatan sai sun gama da tasu gonar. Bara kuɗin ya isa da wuri, mai kama fartanya ne aka rasa. Da na zo, ciyawa ta kai gwiwa, shukar ta yi rawaya ta sirance. An yi maimai, amma ba ta ƙara murmurewa ba.

Amsa ta 2: Malam, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Tun da maigidana ya tafi, aikin ya dawo kaina ni da yara. Amma ko ba da hayar gonar nesa ba ni da iko sai na same shi a waya, wani lokaci kwana biyu ba ta shiga. Babban ɗana kuwa, duk damina sai ya yi fashin makaranta, wannan ya fi komai ci min rai.

Amsa ta 3: Yaro, ka yi hattara da aro. Na ba maƙwabci gonar ƙanena shekara 4. Wanda bai san ko baɗi zai sake nomawa ba, ba zai kai mata taki ba. Da muka karɓa ƙasar ta gaji, ƙuduji ya cika ta, iyaka ma ta matso kunya biyu. In za ka bayar, a yi a gaban shaidu, a rubuta shekarun, a sa sharaɗin taki.

Mai buɗe zance: Na gode, Baba. Daren nan zan kira Yaya, don gonar fadamar da ake nema aro rabonsa ce.