Neman shawara kan rubuta ƙagaggen labarin Sarauniya Boudica

Assalamu alaikum, 'yan uwa marubuta. Na soma rubuta ƙagaggen labari a kan Boudica, sarauniyar ƙabilar Iceni ta gabashin Birtaniya, wadda ta yi wa Rumawa tawaye a shekara ta 60 ko 61 miladiyya, bayan da mijinta Prasutagus ya mutu suka ƙwace ƙasarsa, suka yi mata bulala, suka kuma keta haddin 'ya'yanta mata biyu. Inda na cije shi ne, mutanenta ba su bar rubutaccen tarihi ba, labarinta duk daga bakin abokan gabarta ya fito, ko sunayen 'yan matan ba a kawo ba. Yaya zan cike wannan giɓi ba tare da na yi wa tarihi ƙarya ba? Sannan tun da dakarunta sun ƙone garuruwa uku da mutanen cikinsu, ya dace in sassauta wannan ɓangare don kada mai karatu ya tsane ta?

Amsar wani malamin tarihi:

Wa alaikumus salam, Malama. Marubuta biyu ne madogararki, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Tacitus ya fi kusa da zamanin, domin surukinsa Agricola ya yi aikin soja a Birtaniya ƙarƙashin gwamna Suetonius Paulinus a lokacin tawayen, kuma Tacitus ɗin ne ya ce guba ta sha bayan an ci ta da yaƙi. Cassius Dio ya yi nasa rubutun ne bayan fiye da shekara 100, ya ce rashin lafiya ce ta kashe ta, kuma daga wurinsa aka samo siffarta: doguwa, mai kakkausar murya, gashinta har ƙugu, da ƙaton zoben zinariya a wuya. Inda suka saɓa, ki zaɓi wanda ya dace da labarinki. Inda suka yi shiru, fili naki ne. Amma abin da ƙasa ta ba da shaida a kansa kada ki taɓa shi. Har yau masu tonon kayan tarihi a Colchester da Landan, biyu daga cikin garuruwan da aka ƙone, suna iske jar ƙonanniyar ƙasa ta gobarar wancan lokaci, kuma a Colchester an samu ƙonannen dabino da ɓaure, sannan a 2014 aka tono kayan ado na zinariya da azurfa da aka binne a ƙarƙashin daɓen wani gida, mai su bai dawo ya ɗauka ba. Ni da ni ne, da wannan gida zan buɗe babi guda.

Amsar wata marubuciya:

Ƙanwata, kada ki sassauta komai, domin idan kika wanke ta tas, kin kashe labarin. Ki ɗora labarin a bakin ɗaya daga cikin 'ya'yanta, ki raɗa mata suna, ta ga ranar da aka tuɓe uwarta aka zane ta, ta kuma ga kwana biyun da aka yi ana tsare da mutanen da suka fake a haikalin Claudius, sarkin Rum, da ke Colchester kafin a gama da su. Yarinyar da ta shaida abubuwan nan biyu tana iya son uwarta kuma tana tsoronta, kuma mai karatu zai bi ta. Abu na biyu, na san hannu zai riƙa jan ki zuwa ga Amina ta Zazzau, sai ki tsinci kanki kina ba Boudica fada da dogarai da waziri. Mutanenta a zagayayyun ɗakuna masu jinka suke zaune, da karusar dawaki suke shiga yaƙi, kuma suna buga kuɗinsu na ƙarfe. Wuƙaƙen da ke jikin ƙafafun karusarta a mutum-mutumin da aka kafa a Landan a 1902 kuwa ba su da shaida, ki bar su a can.

Amsar wani ɗan uwa:

Ban yarda da Malam gaba ɗaya ba kan fifita Tacitus. Jawabin da ya sa a bakinta kafin yaƙin ƙarshe al'adar marubutan Rum ce ta tsara wa shugabanni magana, don haka ki rubuta naki da harshenki. Haka alƙalumansa, wai 'yan Birtaniya 80,000 suka mutu a kan Rumawa 400, ki sa su a bakin wani sojan Rum mai cika baki. Abin da zan riƙe daga gare shi shi ne amalanken da mayaƙan suka jera a bayan fagen fama, matansu na zaune a kai suna kallo, amalanken nan ne suka toshe musu hanyar gudu da aka kore su. A kan ɗaya daga cikinsu za ki iya zaunar da mai ba da labarinki.