Shawarwarin masu gudu a hanyar South Downs Way

Hanyar ta tashi daga Winchester zuwa Eastbourne a kudancin Ingila, kilomita 160 bisa tudun alli. Yawanci sun ce a fara daga Winchester, domin iska ta fi kaɗowa daga yamma, sai ta riƙa tura mutum.

An fi daɗewa kan batun ruwa. Alli na shanye ruwan sama, babu rafi a saman tudun, famfuna kuma nesa da juna suke, saboda haka a ɗauki lita ɗaya da rabi. In alli ya jiƙe, santsinsa kamar sabulu ne, a gajarta taku a gangara. In ya bushe kuwa, tsakuwa mai kaifi ke cin tafin ƙafa, sai takalmi mai kauri.

A ajiye sauran ƙarfi don tuddan Seven Sisters, suna dab da ƙarshe.