Gishiri Sau Biyu

Mai Ludayi:
Daga kicin ɗin da nake aiki a Abuja. Ban faɗi suna ba, kar a tambaye ni.

Samari biyu ne a bayan murhu,
Kowa da digirinsa cikin jaka.
Dogo ya karanci lissafin kuɗi,
Yau albasa ce yake ta yanka.
Ɗaya injiniya, ya gama bautar ƙasa,
Ya ninke kaki ya kama daka.
In mai ya fallatsa a hannun Dogo,
Gajere ne ke fara yin kuka.
Wai hayaƙi ne ya shige idonsa,
A murhun gas? Mun ji, bar shi haka.

Gwaggon Fagge:
Mai Ludayi, kai ne Gajeren nan,
Na san tsayinka, bai kai turmi ba.
Mai ba da labarin "wani abokina"
Ina ya san ƙunar da bai shafa ba?

Mai Ludayi:
Gwaggo, bar turmi ya huta haka,
Tun bara ba wanda ya ci tuwonki.
Miyarki ruwa, zancenki gishiri,
Da kin musanya da an yaba miki.

Sarkin Kari:
Kafin a yi nisa. Ɗangon farko gaɓa 11 ne, na biyar 13, injiniyan nan ya karya wa waƙar ƙafa. Ke kuma Gwaggo, amsa-amo da "ba" na korewa ragwanci ne, ɗan firamare ma zai yi.

Gwaggon Fagge:
Ban sani ba, ban ji ba, ban gani ba. Ga uku nan kyauta, ka ƙirga.

Ɗan Tsangaya:
Kuna ƙirgar gaɓa kun bar batu,
Namiji da namiji ake wa waƙa.
Addini ya hana, doka ta hana,
Ba na son ganin yaran cikin sarƙa.

Ba wasa nake ba. Jonathan ya sa wa dokar hannu a Janairun 2014: shekara 14 ga masu ƙulla irin wannan aure, 10 ga wanda ya nuna a bainar jama'a. Ban yarda da abin ba, amma ɗan'uwa, ka goge sunan garin ma.

Uwar Tuwo:
Malam, wa ya soya kajin tasha
Da kake lasa kana ɗan yaro?
'Yan daudu ne, uwa da 'ya'yanta,
Ka shanye romo ba ka ji tsoro.
A Sabon Gari kafin shari'ar 2000
Sun ciyar da direba da mai goro.
Yau na bayansu sun yi boko,
Suna riƙon so kamar kayan aro.

Ɗan Damagaram:
Allah ya ja kwana, Uwa! Baiti huɗu kin rufe kasuwa. Kanawa a je a auna atamfa, waƙa ba taku ba ce.

Gwaggon Fagge:
Wanda sai ya hau bishiya yake samun intanet shi ne alƙali? Kuma wa ya ce maka Uwar ba Bakanuwa ba ce?

Sarkin Kari:
Ni dai a gaya mini yadda ake rera 2000 a tsakiyar ɗango. In ka karanta ta "dubu biyu", ɗangon ya kai gaɓa 14. Waƙa ce ko takardar kotu?

Uwar Tuwo:
Ɗana, ka taɓa son wani abu da ba ya ƙirguwa?

Sarkin Kari:
Wannan ba amsa ba ce, Uwa.

Ɗan Tsangaya:
Uwa, kajin na ci, ban musa ba,
Cin kaza daban, fatawa daban.
(Sauran ya ƙi zuwa, an kira salla.)

Mai Ludayi:
Ku yi haƙuri, kwana biyu muna da girkin biki.

Banki ya kira Dogo zuwa Legas,
Albashi ninki uku, sai tafiya.
Ga adashin da suke zubawa tare
Don buɗe rumfar tuwo da miya.
Dogo bai ce e ba, bai ce a'a ba,
Ya dai yi shiru a bakin suya.
Daren nan oga ya ɗanɗana taushe,
Ya tofar, ya ce a faɗi gaskiya.
Sau biyu na zuba gishiri ban sani ba,
Hannu na tukunya, zuci na hanya.

Gwaggon Fagge:
"NA zuba"? Ɗan nan, na zuba ko ya zuba?

Mai Ludayi:
Kuskuren yatsa ne, Gwaggo.

Gwaggon Fagge:
A murhun gas. Mun ji. To ka gaya wa "Gajeren" ya buɗe baki kafin a sayi tikitin mota, kuma in rumfar ta tabbata ni zan koya muku miya.

Ɗan Tsangaya:
Har yanzu sunan garin na nan.

Sarkin Kari:
"Na" da "ya" duk gaɓa ɗaya ce, kari bai damu ba. Amma ɗangon ya yi tsawo, ka cire "ban sani ba".