Tafiya Guangzhou daga Kano ta Adis Ababa: me ya kamata sabon shiga ya sani?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Zan je Guangzhou saro kaya karon farko, na yanki tikitin Ethiopian Airlines daga Kano. Masu zuwa, ku taimaka min da bayanin kaya, sauyin jirgi a Adis, da yadda jiki ke jure wannan doguwar tafiya.

Mai Tikiti:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kano zuwa Adis Ababa kusan awa biyar ne, daga Adis zuwa filin Baiyun na Guangzhou kuma awa goma da ɗoriya. Sin ta riga Najeriya da awa 7.

A kujerun talakawa ana ba ka akwati biyu, kowanne kilo 23. Ba a haɗa nauyin a dunƙule: idan ɗaya ya kai 27, ɗayan 19, za a sa ka buɗe ka rage a gaban jama'a ko ka biya. Auna su tun a gida. A Kano ka tabbatar an rubuta CAN a takardar da aka liƙa wa akwatinka, ita ce lambar Guangzhou. 'Yar takardar da za su manna maka a bayan takardar shiga jirgi kuwa ka adana ta kamar kuɗi, don idan akwati bai iso ba da ita ake bin sawunsa. Kuma kafin ka fita daga ɗakin karɓar kaya za ka cike takardar ƙorafi. Wanda ya fice tukuna ya dawo, ya wahalar da kansa.

Fawa bank da batir ba sa shiga akwatin ƙasa, sai jakar hannu, kuma kada ya wuce 100Wh, wato kimanin 27,000mAh. Idan za ka ƙara hawa jirgin cikin gida a Sin, tun Yunin 2025 suna ƙwace fawa bank ɗin da ba shi da CCC, tambarin ingancin kaya na Sin. Turare da man shafawa a jakar hannu kada kwalba ta wuce mililita 100. Kilishi da dambun nama ka bar su a gida, kwastan ɗinsu ba ya barin nama ya shiga. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo.

Abu mafi girma: kada ka karɓi saƙon kowa da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko na maƙwabci ne. Hukuncin safarar ƙwaya a Sin yana kaiwa ga kisa, kuma wanda sunansa ke jikin akwati shi ake riƙewa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ƙarin bayani ta ɓangaren lafiya, Alhaji. Iskar cikin jirgi a bushe take kamar ta hunturu, shi ya sa maƙogwaro ke ƙaiƙayi, leɓe ya tsage. Ka riƙa shan ruwa kofi ɗaya duk awa ɗaya zuwa biyu, ka rage kofi da shayi. Mutane kan ƙi sha don gudun zuwa bayi, alhali tashin nan shi ne maganin. Zama wuri guda ƙafa a lanƙwashe yana sa jini ya taru a sharaɓa, wani lokaci ya daskare. Nemi kujerar bakin hanya, ka miƙe ka taka duk awa biyu, kana zaune kuma ka riƙa juya idon sawu. Idan bayan ka sauka ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, asibiti kai tsaye, ban da tausa.

Mai ciwon suga ko hawan jini ya sa maganinsa a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Mai allurar insulin ya zauna da likitansa kafin tafiya, domin wanda ya nufi gabas yininsa gajarta yake yi, lokutan allurar sai sun sauya.

Mai Tikiti:
Wannan gajartar ta shafi salla ma. Jirgin Adis zuwa Guangzhou yawanci cikin dare yake tashi, kuma yana tarar rana ne, sai ka ga alfijir ya keto bayan 'yan awoyi kaɗan. Kada ka bi agogon hannunka, ɗaga marufin taga ka duba. Magariba da Isha ka haɗa su a Adis.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri. To waya fa? An ce WhatsApp ba ya yi.

Malam na Xiaobei (unguwa a Guangzhou):
Gaskiya ne, WhatsApp da Facebook da Google duk a toshe suke a layukan can. Sauke WeChat (manhajar saƙo) da Alipay (ta biyan kuɗi) tun kana Kano, ka yi rajista da layinka yana hannunka, saboda lambar tabbatarwa ta saƙon waya take zuwa. Adireshin otal ka buga shi a takarda da rubutun Sinanci, direban tasi ba zai karanta na boko ba. Kuɗin waje da ya haura dala 5,000 ka bayyana shi a kwastan. Daren farko za ka tsinci idonka biyu har ƙarfe uku, don jikinka yana ganin takwas ce ta dare a Kano, saboda haka kada ka sa ganawa da masu masana'anta da safiyar washegari. Bari sai bayan Azahar.