Wutar daji ta shigo mana gona bara: me ya kamata mu yi kafin hunturun bana ya kankama?

Manomi daga Ningi:

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda Allah ya ba ilimin kashe gobara su taimaka mana da shawara. Gonakinmu suna gindin wani dutse ne a yankin Ningi ta Jihar Bauchi, kuma tsakaninmu da gari akwai tafiya, ta yadda ko an kira 'yan kwana-kwana, kafin motarsu ta iso aikin gama ya gama. Bara cikin watan Disamba, bayan mun yanke dawa mun jera dammuna muna jiran ranar kwasa, wuta ta taso daga daji jim kaɗan bayan azahar. An ce yara masu farautar gafiya ne suka cinna ta a bakin rami. Mu wajen 15 muka tare ta ta gaba da ɗanyun rassa, amma hayaƙi da zafi suka kore mu, ta tsallake hanyar da muke zaton za ta tsayar da ita, ta cinye wa maƙwabcina dami 40 da harawar wakensa duka. Ƙanena ya gudu ya hau dutse, wutar ta cim masa, ya ƙone a ƙafa. A ina muka yi kuskure, kuma wane shiri ya kamata mu yi tun yanzu?

Tsohon ma'aikacin kashe gobara, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri, ya ba ƙanenka lafiya. Kowace wuta tana rayuwa ne da abubuwa uku: abin da za ta ci, zafi, da iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Duk aikinmu bai wuce raba ta da ɗaya daga cikin ukun ba. Ruwa yana kashe zafi, ƙasa da dukan ɗanyen reshe suna toshe mata iska, sharar ciyawa kuma tana hana ta abinci. Ku da ke nesa da ruwa, na ukun shi ne babban makaminku.

Kuskurenku na farko shi ne tarar ta ta gaba. Wutar daji tana da kai, wato ɓangaren da iska take tura ta, tana da gefuna biyu, tana kuma da baya, inda take rarrafe a hankali tana fuskantar iska. A kai ne harshen wuta ya fi tsawo, can hayaƙi yake kwanciya, can kuma tartsatsi yake tashi ya faɗi a gaba ya haifi sabuwar wuta, kuma haka ta tsallake muku hanya. Idan harshen wuta ya kai tsayin mutum, babu mai tarar sa da reshe. Ana farawa ne daga baya, a rabu gida biyu, kowane rukuni ya bi gefe guda yana duka yana tura garwashi cikin inda ya riga ya ƙone, ana matse ta sannu a hankali har kan ya tsuke. Masu reshen darbejiya ko sabara su shiga gaba, masu shebur da fartanya su biyo baya suna binne abin da ya rage. Injin feshin maganin ƙwari da ake goyawa, idan an wanke shi sosai aka cika da ruwa, yana aiki ƙwarai a wutar ciyawa, muddin gindin wutar ake fesawa ba harshenta ba.

Maganar ƙanenka ce ta fi tsaya mini a rai, domin hawan tudu a gaban wuta yana daga cikin abubuwan da suka fi kashe mutane. Harshen wuta yana kwantawa ne a jikin gangare ya gasa ciyawar da ke sama tun kafin ya iso ta, shi ya sa masu wannan aiki a Ostareliya suke koyar da cewa gudunta yana ninkawa a duk ƙarin digiri 10 na hawa. Mutum yana hawa yana gajiya, ita kuwa tana hawa tana ƙara sauri. A watan Agustan 1949, a wani kwazazzabo da ake kira Mann Gulch a Jihar Montana ta Amurka, masu kashe gobara 13 sun mutu bayan wuta ta cim musu suna gudu suna hawan tudu, shugabansu kuwa ya tsira domin ya cinna wa ciyawar gabansa wuta ya kwanta cikin tokar. Wurin da ya riga ya ƙone shi ne mafaka mafi aminci, sai fako, sai gonar da aka kwashe ƙurmus. Kafin kowa ya ɗaga reshe, a nuna masa inda zai gudu, a kuma sa mutum ɗaya a wuri mai tsayi wanda ba shi da aiki sai lura da juyawar iska. Kada kowa ya shiga da silifas ko rigar leda irin ta 'yan ƙwallo, domin narkewa suke yi su manne a fata. Tufafin auduga da rufaffen takalmi su ne daidai.

Ma'aikacin gandun daji, Dakwaro:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa a kan ranar da wuta ta tashi, ni kuma zan yi magana a kan watannin da ke gabanta, domin a ganina can ne ake cin nasara ko a faɗi. A yankunan kiwo na Nijar, kamar arewacin Dakwaro da Abalak, shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar da muka fi fargaba, saboda ciyawa tana yin shimfiɗa ɗaya ba yankewa. Da zarar ruwa ya ɗauke, wajen watan Oktoba, ake fitar da jama'a su share dogayen hanyoyin tare wuta masu faɗin kimanin mita 15 zuwa 20, a kankare su da manjagara har sai ƙasa ta fito, a kwashe ciyawar a kai gida a ajiye wa dabbobi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka a gicciye mata ake yin hanyar, kuma ta wannan ɓangaren ya kamata taku ta fi faɗi. Siririyar hanyar ƙafa ba ta tare wutar gamba, domin gamba takan fi mutum tsayi, kuma idan ta kama, ganyenta yana tashi sama da wuta a jikinsa.

Idan ba ku da ƙarfin share faɗi haka, ku share sirara biyu a jere, ku ƙone ciyawar da ke tsakaninsu da yamma liƙis bayan iska ta kwanta, tun ciyawa tana da sauran danshi, kuna tsaye a kai har ta mutu. Kada a yi wannan tsakanin azahar da la'asar, lokacin da iska ta fi bushewa. Sannan kada dami ya kwana a bakin daji. A tara shi a tsakiyar gona, a share kewayensa, a raba shi kashi biyu ko uku nesa da juna.

Ɗan zango daga Tamale:

Mu a Gana iyayenmu ba su manta da 1983 ba, shekarar da fari da wutar daji suka haɗu suka cinye gonakin abinci da na koko har aka shiga yunwa. Bayan haka ne aka yi dokar hana ƙona daji, aka sabunta ta a 1990, aka kuma kafa ƙungiyoyin sa-kai na kashe gobara a ƙauyuka. Shawarata, Malam, kada ka ɗauki wannan aiki a matsayin na gidanku kaɗai. Ku je wurin mai gari, a kira sarkin noma da sarkin baka da ardo, a tsayar da ranar gayya, a kuma ja kunnen masu farautar gafiya da masu ɗiban zuma da masu gawayi a gaban iyayensu. Gemun maƙwabcinka ya riga ya kama, lokacin shafa wa naka ruwa ne.

Ma'aikaciyar jinya, Azare:

Ina so in ƙara magana ɗaya a kan ƙuna, saboda irin abin da muke gani a asibiti duk hunturu. Wanda rigarsa ta kama kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. A zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi na tsawon minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Don Allah a daina shafa ƙwai da man goge baki da manja da toka, kuma kada a fasa bororon da ya taso. Ƙuna a fuska ko hannu ko gaɓa, da wadda ta fi tafin hannun mai ita faɗi, da kowace ƙuna a jikin ƙaramin yaro, duk na asibiti ne. Haka ma wanda ya shaƙi hayaƙi muryarsa ta dishe, ko da babu tabo a jikinsa.

Manomi daga Ningi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Zan kai maganar gayya wurin mai gari ranar Juma'a. Baba, saura tambaya ɗaya: wasu dattawanmu suna cewa a cinna wata wuta a tari mai zuwa da ita. Mu yi hakan?

Tsohon ma'aikacin kashe gobara, Kaduna:

Dattawan sun yi gaskiya, dabara ce sananniya, amma ita ce mafi haɗari a wannan aiki. Ba a yin ta sai daga bakin hanyar da aka riga aka share, da umarnin mutum ɗaya wanda ya saba, bayan an tabbatar babu mutum ko dabba tsakanin wutar biyu. Idan iska tana kaɗawa da ƙarfi ko tana juyawa, ku bar ta, ku janye mutanenku. Bayan wuta ta mutu kuma kada ku watse nan take. Ku bi gefen ƙunar kuna tona kututture da busasshen kashin shanu kuna binnewa, domin sukan riƙe garwashi har washegari, kuma ku bar mutum biyu su kwana a wurin su sake zagayawa da hantsi, lokacin da iska take tasowa.