Ajiya maganin wata rana: yaya kuka yi da tarkacen da suka cika muku gida?

Uwar 'Yan Uku

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki nake nema, su gaya mini yadda suka yi. Daren Talata ƙaramin ɗana ya farka da tari, ƙirjinsa na ƙugi, numfashi na fita da ƙyar. Yana da asma, kuma na san abin shaƙarsa yana cikin gidan, don ni na ajiye shi da hannuna. Sai da na shafe kusan minti 20 ina zazzage durowa ɗaya bayan ɗaya. Na ci karo da cajar wayar da ta mutu shekara 4 da suka wuce, da rasidan da rubutunsu ya goge, da makullan da ban san ƙofarsu ba, shi kuma yana zaune a bakin gado yana kallona, kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka. A cikin wata jakar hannu da na daina riƙewa na same shi. Ya samu sauƙi, alhamdulillahi, amma ni har gari ya waye jikina bai daina rawa ba.

Shara da goge-goge ba sa wuce ni kullum. Zubarwa ce ba na iyawa. Duk abin da na ɗauka zan jefar sai zuciyata ta ce ajiya maganin wata rana. Sau biyu a shekara nakan kwashe yini guda ina gagarumin gyara, in kwana da ciwon baya, kafin wata ya zagayo komai ya koma gidan jiya. Wanda ya fita daga wannan, me ya yi? Abin da kuka gwada da kanku nake so in ji.

Ma'aikaciyar Jinya

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Kafin ki taɓa komai, yau ɗin nan ki ware wa abin shaƙar nan wuri ɗaya da kowane babba a gidan ya sani, wanda ko cikin duhu hannu zai kai. Sauran magunguna su shiga akwati guda mai murfi, a sama inda yara ba sa kaiwa, nesa da zafi da danshi.

Ranar da na juye durowar maganin gidana kwalabe 11 na tarar, 7 daga ciki wa'adinsu ya wuce. Akwai kuma waɗanda ranar da ke jikinsu ba ta yi ba amma sun riga sun tashi aiki. Yawancin maganin ɗigawa a ido mako 4 yake yi bayan an buɗe shi. Maganin ƙwayoyin cuta na yara wanda ake haɗawa da ruwa kuwa kwana 7 zuwa 14 ne, ya danganta da irinsa. Tun daga ranar, duk kwalbar da na buɗe sai na rubuta kwanan wata a jikinta.

Sai ki leƙa ƙarƙashin gadon yaron. Akwai wasu ƙwari da ido ba ya gani, suna zama a katifa da matashin kai da tufafin da aka jibge, suna cin ɓurɓushin fatar da jikinmu ke zubarwa, kuma kashinsu yana tayar da asma da atishawa. Wanki da ruwa mai zafin digiri 60 yana kashe su. Kyankyasai ma suna tayar da ita, kuma babu mazaunin da suke so kamar tsohon kwali. Ranar da za ki kwashe shirgin, kada yaron ya kasance a ɗakin, ki kuma goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa.

Makanike

Hajiya, ni a gareji na koyi nawa. Sifana mai lamba 10 sau uku na saye ta cikin shekara ɗaya, alhali duka ukun suna nan ƙarƙashin tulin tsofaffin fulogai. Wani abokin aikina da ya yi horo a masana'anta ne ya nuna mini tsarin Japanawa da ake kira 5S, wanda aka fi saninsa da kamfanin Toyota. Matakin farko a ware abin da ake amfani da shi daga wanda ba a taɓawa, na biyu a ba kowane abu mazauninsa. Na kafa katako a bango, na buga ƙusoshi, na zana siffar kowane ƙarfe da fenti a inda yake rataye. Da yamma kallo ɗaya nake yi. Duk inda na ga zane babu ƙarfe, na san akwai wanda bai dawo ba.

A tsarin nasu, abin da ake shakka a kansa akan liƙa masa jar takarda a keɓe shi gefe. Haka nake yi a gida: in zuba a mazubi ɗaya, in rubuta kwanan wata a kai. Da kwali nake yi, amma tunda malama ta faɗi batun kyankyaso, ke ki nemi roba mai murfi. In wata 3 ya cika ban nemi komai a ciki ba, ba na sake tonawa, sai in ba masu buƙata. Tonawar ce ke dawo da kaya ɗaki.

Ki duba tsakar gida ma. Tsofaffin tayoyin da na jingine bayan gareji ruwan sama suke tarawa, kuma mako ɗaya zuwa kwana 10 ya ishi sauro ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Wanda ke yaɗa zazzaɓin denge da shawara irin wannan ruwan na taya da gwangwani ya fi so.

Tela

Ni dai zan ɗan saɓa da ku. Ba duk ajiya ce tarkace ba, kuma ba kowa ke da halin sake saye in ya zubar ba. Ƙyallayen da suke raguwa bayan yanka, da su nake yin aljihu da baki da faci, in na zubar da su na zubar da rabin sana'ata. Abin da ya gyara ni iyaka ce na sa. Ƙyallaye suna da kwando ɗaya, maɓallai suna da gwangwani ɗaya. In kwandon ya cika, sabo ba ya shiga sai wani ya fita, kuma a lokacin ne nake ganin wanne ne da gaske nake amfani da shi. Leda, kwalabe, robobi, duk haka nake musu a gida. Yaya, kada ki ce za ki kashe halin ajiyar nan gaba ɗaya, ba zai mutu ba, kuma yana da ranarsa. Ki yi masa shinge kawai.

Tsohon Malami

'Yata, shekara 33 na yi ina koyarwa, kuma babu takardar da na taɓa yarda a taɓa mini. Tsofaffin jarrabawa, jaridu, littattafan shirin darasi, duk suna jere a ƙasa daga bakin gado har ƙofa. Wani dare na tashi zan zaga, ƙafata ta harɗe da igiyar wuta da ke bin bayan tulin jaridu, na kifa a kan hannuna. Mako 6 na yi da ɗauri a wuyan hannu. A lokacin jinyar ne na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki.

Jikokina suka taya ni. Takardun da ba su da madadi, wato shaidar karatu da ta haihuwa da ta gida da ta asibiti, suka shiga fayil ɗaya, aka kuma ɗauki hotonsu a waya. Abin mamaki, duk ba su cika fayil ɗin ba. Yanzu dokata ɗaya ce: hanyar da ke tsakanin gado da banɗaki ba a ajiye mata komai, ko takalmi, kuma tocila tana kusa da matashin kaina.

Ɗalibar Jami'a

Anti, gagarumin gyaran nan na yini guda ni ma shi nake yi duk ƙarshen zango, kuma bai taɓa ɗorewa ba. Abin da ya riƙe ni minti 10 ne kafin kwanciya. Ina saita agogon waya, in mayar da abin da na taɓa ranar wurinsa, in haɗa jakar gobe, in ƙararrawa ta buga in tsaya ko ban gama ba. Tsayawar nan tana da muhimmanci, don in na zarce sai gobe in ji tsoron farawa.

Makonni uku na farko da ƙyar nake yi, har na ɗauka ni ce ba ni da himma. Sai na ga wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, aka fitar a 2009, a kan mutum 96. Sun gano cewa sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe aikin. Wannan ya kwantar mini da hankali sosai.

Wani abin da ban zata ba shi ne barci. Da na kwashe littattafai da kwamfuta daga kan gado, na mayar da cajin waya can kan tebur, sai na fara samun awa 7 ɗin da likitoci ke cewa babba na buƙata. Kuma Anti, tsofaffin wayoyin nan na cikin durowa, ki duba su. Na tarar da ɗaya batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfin. Irin wannan yana iya kama wuta, ba a huda shi, ba a kuma jefa shi cikin sharar da za a ƙona.

Autar Mama

Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma akwai kayan da ba sa jin wata 3 ko kwando ɗaya. Mahaifiyata ta rasu, kayanta suka dawo ɗakina, akwati huɗu. Shekara 2 ban iya buɗe su ba, ban kuma iya matsar da su ba, ta gefensu nake raɓawa in hau gado. Ranar da na fara buɗewa, mayafinta na sama har yanzu da ƙamshinta, na rufe na zauna ina kuka, ban sake ba sai bayan wata biyu.

Yayata ce ta zo muka yi tare, akwati ɗaya a zama ɗaya. Ita take ɗagowa, ni nake cewa a bari ko a bayar, don in abu ya shiga hannuna ba ya fita. Na riƙe mayafin, da tabaranta, da ɗan littafin da take rubuta lissafinta. Sauran suka tafi ga waɗanda ta saba taimaka wa tana raye. Yaya, in kina da irin waɗannan kayan, ki bar su su zama na ƙarshe, kuma kada ki shiga ke kaɗai.

Ma'aikaciyar Jinya

Allah ya jiƙan Mama, ƙanwata. Bari in ƙara abu ɗaya saboda masu karantawa da ba su yi magana ba. In tara kaya ya kai inda ba a iya kwana a gado ko amfani da ɗaki, kuma tunanin zubar da ko leda ɗaya yana jefa mutum cikin tashin hankali, wannan larura ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Kwashe wa irin wannan mutumin kaya a bayan idonsa ba ya warkar da shi, yakan ma ƙara tsananta abin. A raka shi wurin likita.

Uwar 'Yan Uku

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, Allah ya ƙara sauƙin hannu. Jiya na buga ƙusa a bayan ƙofar ɗakina na rataye 'yar jaka da abin shaƙar a ciki, na nuna wa babansu da babbar 'yata. Na tura yaran waje na ja gadon yaron: kwali 5 ne a ƙasa, biyu sun ruɓe ta gindi. Yau katifarsa tana rana. Durowar da ta ɓata mini minti 20 ita ce ta gobe, kuma na samo roba mai murfi. Makullan nan da ban san ƙofarsu ba, Malam makanike, su ma cikin robar zan sa su, ko in fara gwada su tukuna?